Binciken Asali a Gidan Masu Shampen

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. A asibiti, da na shiga ɗakin haihuwa sai ma'aikata su kewaye ni. Ranar Alhamis a zumuntar mata ta coci ma, ana gama addu'ar rufewa aka riƙe mini jaka: "Sista Hannatu, yaya ƙasar Turawan? Da gaske gidan giya ne?" Na gaji da ba da labarin rabi-rabi, shi ya sa na zauna in faɗe shi daga farko, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aike na aka yi. Ƙanwata Rifkatu tana buga tafireta a kamfanin haɗa motoci da ke Kakuri. A can ta haɗu da wani injiniya Bafaranshe mai suna Mishel, har ya zo gidanmu a Barnawa ya ce aurenta yake so. Baba dattijo ne a coci, kuma bai taɓa ba da 'ya ba sai an bincika gidan miji har kakanni. To wa za a aika Faransa? Iyakar abin da muka sani shi ne abin da aka ce yaron ya faɗa: iyayensa manoman inabi ne tun zamanin kakan kakansa, suna yin wani abin sha mai kumfa da ake kira shampen, ba shi da mata, kuma a Kaduna za su zauna. Madam Ngozi mai shagon atamfa a layinmu ta ce da Mama, "Duk haka suke faɗa. In kwantiragi ya ƙare sai ki ji ya tafi hutu, hutun da ba a dawowa." Maganar nan ta zauna mini a rai.

Ana cikin haka asibiti ya tura ni ɗan kwas na ungozoma a Ingila. Baba ya kira ni ya ce, "An ce ruwa ne kaɗan tsakaninsu. In kin gama, ki tsallaka ki gano mini gidan. Abin da suka nuna miki ki kalla, amma wanda ba su nuna ba shi nake so."

Mishel ya yi ta murna, ya zana mini hanya a takarda, ya sanar da gida. Murnar ma ban yarda da ita ba. Na ce masa Asabar zan isa, alhali a raina na riga na yanke Juma'a, don ba na son in tarar da gidan da aka gyara saboda ni.

Jirgin ruwan da ya tsallaka da mu ban ga komai a cikinsa ba sai ƙasan bokiti, jiri ya hana ni ɗaga kai. A bakin iyakar Faransa ɗan kwastan ya juya fasfona gaba da baya, sannan ya sa na buɗe akwati. Mama ta ƙulla mini daddawa da yaji in kai wa surukai, don ba a zuwa gidan mutane hannu sake. Ya kwance ƙullin daddawar, ya ja da baya, ya kira abokinsa. Suka yi ta magana suna toshe hanci. Abokin ya dangwali yajin ya sa a harshe, ya shiga tari har da hawaye. Ƙarshe suka riƙe daddawar suka mayar mini da yajin.

A Paris dole in canza tasha, kuma ba wanda ya yarda yana jin Turanci. Ina tsaye ina mita ni kaɗai da Hausa, sai na ji an ce, "Hajiya, ina za ki?" Wani dogon mutum ne da rigar masu shara. Na ƙanƙame jakata. An riga an gargaɗe ni cewa a irin wuraren nan, wanda ya fi kama da ɗan'uwa shi ne abin tsoro. Na ce masa ni ba Hajiya ba ce. Ya ce to, shi Malam Isufu ne daga Damagaram. Ya karanta takardar Mishel, ya jingine tsintsiyarsa, ya shige gaba, muka sauka cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Duk tsawon hanyar hannuna yana kan zip, idona yana kan hannunsa. Ya kai ni har ƙofar taragon, ya ɗora mini akwati. Da zai juya sai ya shaƙi iska ya ce, "Kamar ina jin ƙanshin yaji." Na raba masa rabi. Yadda ya karɓa da hannu biyu ya sa na ji kunyar jakar da nake ta ƙanƙamewa, amma ban sake ta ba.

Na kwana a wani ɗan otal kusa da tashar garin da jirgin ya ajiye ni, na tokare ƙofa da kujera. Da safe matar otal ta kawo burodi da kofi, na zauna ina jiran karin kumallon, ashe shi ke nan. Ita ta haɗa ni da mai motar kai burodi ƙauyuka, ya sauke ni a ƙofar gidan su Mishel.

Kuringar inabin nan da muke karantawa a Littafi Mai Tsarki, ranar na fara ganinta da ido. Gajera ce, ba ta wuce ƙugu ba, an jera ta layi-layi a jikin tudu. Lokacin girbi na tarar, tsakar gidan cike da 'yan ƙwadago, Larabawa da Turawa da wasu baƙaƙe 'yan makaranta. Kafin in buɗe baki wata mata mai takalmin roba da ɗaurarriyar fuska ta karɓe akwatina ta jefa a lungu, ta danƙa mini almakashi da kwando, ta nuna tudu tana magana da sauri. Ta ɗauka aiki na zo nema. Na yi niyyar gyara mata, sai na tuna abin da ya kawo ni. Na ɗaura zanena na bi layi.

Rabin yini na yi a durƙushe ina yanke nonon inabi, ina kallon kowa ta wutsiyar ido. Ina neman mace mai goyo ko yaro mai hancin Mishel. Ban gani ba. Abin da na gani shi ne wani tsoho mai hula yana bin kwanduna ɗaya bayan ɗaya, yana tsince ruɓaɓɓu yana zubarwa. Da ya zo kan nawa sai na lura hannunsa na dama yana rawa, irin rawar da ba ta sanyi ba. Aikina ya sa na san ciwon, na kuma san ba ya komawa baya.

Da rana aka kira kowa dogon tebur, tsohon ya zauna cikin 'yan ƙwadago yana cin abin da suke ci. Aka zagayo da jan ruwan inabi, na rufe kofina da tafin hannu na roƙi ruwa da Turanci. Matar mai takalmin roba ta tsaya cak. Ta dubi zanena, ta dubi akwatin da ta jefar, fuskarta ta yi ja har wuya. Ita ce Kolet, yayar Mishel, tsohon kuma mahaifinsu. Ta zo ta manna mini kumatu hagu da dama, na sandare kamar an kama ni da sata.

Da muka keɓe ta ce da Turancinta mai nauyi, "Gobe muke jiranki. Da gangan kika zo yau."

Na ce, "Da gangan."

Ta ce, "Ni ma da haka zan yi. To tunda mun fara da gaskiya, me ƙanwarki take so a wurin ƙanena?"

A nan na gane ba ni kaɗai ke bincike ba. Mu muna tsoron ya yaudare ta ya gudu, su kuma suna tsoron ta riƙe shi a Afirka. Na ce mata Rifkatu tana da aikinta da gidan ubanta, ba ta rasa manema ba. Ta gyaɗa kai kawai, irin gyaɗawar da ba ta nufin an yarda.

A ɗakin Mishel suka sauke ni. Na buɗe kowace durowa, na duba bayan kowane hoto. Ban sami komai ba sai tsofaffin takalma da hoton marigayiya mahaifiyarsu. Abinci kuwa, naman in kin yanka jini yana biyo wuƙa, na yi ta barbaɗa sauran yajina a ɓoye. Bayan an gama aka kawo cuku kala-kala, wani har ya yi kore. Da warin ya buge ni na ce a raina, ashe mutanen da ke cin wannan su suka ƙwace mini daddawa.

Washegari na ce a nuna mini aikin duka. Abin da ya fara ba ni shakka shi ne, inabin da muka yanka baƙi ne, amma ruwan da ke fita daga wurin matsewa fari tas. Na ce da Kolet, "Me kuke zubawa?" Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta matse a tafina. Cikin fari ne, launin a fata yake. Shi ya sa suke matsawa a hankali, kuma nan take, kafin fatar ta rina ruwan. Daga nan a zuba a gangunan katako ya yi tsami na farko. In sanyi ya wuce sai a zauna haɗi: na wannan gona da na waccan, na bana da wanda aka ajiye daga shekarun baya, ana ɗanɗanawa ana tofarwa har a sami ɗanɗanon da aka san gidan da shi. Ba awo a rubuce, a harshe yake, uba ya koya wa ɗa.

Sai muka sauka ƙarƙashin ƙasa. Rami ne dogo da aka sassaƙa cikin farin alli, sanyinsa ɗaya rani da damina, kwalabe a kwance an jera su kamar itacen girki har sun fi tsayina. Kolet ta ce kafin a toshe kowace kwalba sai an ɗiga mata sukari da yis, ta sake yin tsami a rufe. Iskar ba ta da mafita sai ta narke cikin ruwan, ita ce kumfar. Ƙarfinta yana iya fasa kwalba, har a da masu shiga ramin suna rufe fuska da ragar ƙarfe. Na tuna kakata da take dafa burukutu a unguwar Romi nan Kaduna kafin ta tuba. Nata ba ya cika mako, a dafa, a sha, in ya kwana ya lalace. Waɗannan kuwa sai kwalba ta yi shekaru a duhu. Abin da tsohon ya toshe bana, ba lalle shi zai buɗe ba.

Yis ɗin in ya gama aiki sai ya kwanta a cikin kwalbar kamar ƙasan koko, kuma dole a fitar da shi ba tare da kumfar ta gudu ba. Don haka suke da wasu allunan katako masu huji, a soke kwalabe baki ƙasa, kullum a zo a ɗan murɗa kowace a ƙara karkata ta, har dattin ya gangaro wuya. Sannan a buɗe da sauri, iskar ta tofo shi waje, a cike gurbin da ɗan mai zaƙi, a toshe a ɗaure da waya. Tsohon ya matso zai nuna mini murɗawar, aikin da yake yi tun yana yaro. Ya kama biyu da hannu biyu. Ta daman ta suɓuce ta tarwatse a ƙasa, ƙarar ta bi ramin kamar bindiga. Ya tsaya yana kallon hannunsa, sannan ya hau sama. Kolet ta ɗauko tsintsiya, ta juya mini baya tana shara fiye da yadda wurin ke buƙata.

A ƙarshen ramin akwai ƙofar ƙarfe da kwaɗo, kuma sau biyu muna wucewa ba ta ambace ta ba. Na ce, "Wannan fa?" Ta ce ba ta baƙi ba ce. Na ce ni ba baƙuwa ba ce, 'yar aike ce. Ta dube ni har na zaci za ta kore ni, sannan ta je ta ɗauko makulli.

Ɗan ɗaki ne, da tsohon gadon ƙarfe ba katifa. A nan ta ba ni tarihin gidan. Na farkonsu inabi kawai yake nomawa yana sayar wa manyan kamfanoni. A zamanin ɗansa wani ƙwaro ya cinye saiwar kuringa a ƙasar duka, sai da aka kawo saiwa daga Amurka aka yi wa tasu aure a kai, yadda muke yi wa mangwaro. A yaƙin duniya na farko kakansu ya tafi bai dawo ba, ƙauyen ya koma zama cikin ramuka saboda ruwan wuta, kuma a kan gadon nan kakarsu ta haifi tsohon da hasken kyandir. Na daɗe ina kallon gadon, ina lissafin abin da ungozomar ta samu da wanda ta rasa. Kakar nan tasu ce, da kamfanoni suka karya farashin inabi, ta ce ba za ta ƙara sayarwa ba, ta fara cika kwalba da sunan mijinta. A yaƙi na biyu suka toshe ɗakin da bulo suka shafa masa ƙura, sojojin mamaya suka kwashe na waje ba su san da na ciki ba. Yanzu duk wanda aka haifa a gidan ana ajiye masa kwalaben shekararsa a nan, a sassaƙa sunansa a alli. Na bi bangon da ido. Ga sunan tsohon, ga Kolet da 'yarta, ga Mishel, ba kowa a ƙarƙashinsa. Hankalina ya ɗan kwanta, sai kuma na ce ai wanda ya ɓoye ɗa ba zai rubuta shi a bango ba.

Saboda haka ranar Lahadi na tafi cocinsu ni kaɗai, don a ko'ina matan coci sun fi kowa sanin gidan kowa. Bayan sujada na sami wata tsohuwar malamar makaranta mai jin Turanci, na yi ta zagaye-zagaye har na iso wurin. Ta yi dariya ta ce Mishel bai taɓa aure ba, ba shi da ɗa, kunya ce ma take damunsa. Sannan ta ƙara da cewa, "Duk ƙauyen muna jiran baɗi ya dawo ya karɓi gidan. Allah ya sa ƙanwarki tana son sanyi."

Na koma gidan su Mishel ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na sami Kolet a kicin na ce, "Mishel dawowa zai yi?"

Ta yi mamakin mamakina. Ta ce ai kowa ya sani, ya yi wa mahaifinsu alkawari tun kafin ya tafi. Ita ta iya gona da kasuwa, amma haɗin a harshen Mishel tsohon ya zuba shi. Ta nuna mini ta taga wata baƙar mota da ke juyawa a bakin hanya. Ta ce wakilin wani babban kamfani ne, kowane girbi yana zuwa gaisuwa, kuma ba fuskar tsohon yake kallo ba, hannunsa yake kallo. In Mishel bai dawo ba, gonar ta kamfanin ce.

Ranar da zan tafi tsohon ya miƙo mini kofin shampen. Na ce ba na sha. Ya ɓata rai, ya fita, ya dawo da sabon ruwan inabin da aka matse da safe, wanda bai yi tsami ba. Wannan na sha, zaƙinsa har ka. Na ce Kolet ta tambaye shi ko yana son suruka baƙa. Ya ce bai san ta ba, don haka ba zai ce yana sonta ba. Abin da ba ya so shi ne yarinyar da za ta tsaya a taga tana kuka duk lokacin sanyi. Duk zamana a gidan, wannan ce maganar da na yarda da ita ba tare da na juya ta ba.

Jirgi ya sauke ni a Kano. Daga can zuwa Kaduna ina cikin mota ina shirya yadda zan tona asirin yaron. Muna tsallake gada na ce a'a, Rifkatu zan fara gaya wa, kada ta ji a gaban mutane. Na same ta a bayan gida tana wanki. Na ce mata ba mata, ba ɗa, gidan mutunci ne ko da yake giya ce sana'arsu, amma ya yi mana ƙarya, baɗi zai koma kuma ba zai dawo ba.

Ba ta daina cuɗa rigar ba. Ta ce, "Na sani, Yaya. Tun ranar da ya fara yi mini magana ya gaya mini."

"To me ya sa ya ce wa Baba a nan za ku zauna?"

"Bai ce ba. Kina wurin aiki ranar, ni na yi musu tafinta. Ya ce baɗi zai koma gida da ni, ni kuma na ce wa Baba a Kaduna za mu zauna. Da na faɗi daidai, da Baba ya tashi daga kujerar tun kafin a kai ga sunan gidansu."

Na zauna a kan turmi. Na tsallaka teku, na buɗe durowar mutane, na sa an buɗe mini kwaɗo, ashe abin da nake nema a ɗaki ɗaya muke kwana da shi kafin in yi aure. Na ce, "Kika bar ni na tafi?"

Sai a lokacin ta ɗago. Ta ce, "Ina so in na tafi, a gidan nan a sami mutum ɗaya da ya san inda nake kwana."

Baba yana falo yana jira. Na gaya masa komai, har da tafintar, Rifkatu tana durƙushe a bakin ƙofa. Na zaci a kan giyar zai tsaya, ko a kan ƙaryar. Bai ko dube ta ba. Ya sa na sake faɗa masa yadda kwalbar ta faɗi daga hannun tsohon, sannan ya tambaya, "Ɗa namiji ɗaya gare shi?"

Na ce ɗaya.

Baba yana da gona a Kakau, wadda ya share da hannunsa tun muna ƙanana. Yayyenmu maza uku, ɗaya yana Legas, biyu suna ofis a cikin gari, ba wanda ya san iyakarta. Har yanzu Baba ne yake hawa keke ya je duk Asabar. Ya daɗe yana murza gwiwarsa, sannan ya ce, "Nasa ɗan zai koma ke nan."

Ya juya wajen ƙofa ya ce, "Rifkatu, za ki je gaban fasto ki faɗi abin da kika yi, da bakinki. Bayan haka ki ce wa yaron ya turo manya. Kwalba ko ɗaya ba za ta shigo gidan nan ba. Amma ba ni zan hana ɗa komawa gonar ubansa ba."